Kwabon Masu Fasa Dutse

Kwana tara ke nan takardar tana kan teburin kicin, an danne ta da gwangwanin shayi, Menna ba ta sa mata hannu ba.

Layi huɗu ne kawai a cikinta. Wai ita Menna Rowlands ta yi alkawari ba za ta yi aure ba sai ta koyar shekara bakwai a makarantar garinsu Nantlas. In ta sa hannu, asusun masu fasa dutse zai biya mata shekararta ta ƙarshe a jami'a. In ta ƙi, ranar Juma'a za a rufe karɓar kuɗin makaranta a jami'ar Bangor, shekara biyun da ta yi tana karatun lissafi ta bi ruwa.

Asusun ba na wani attajiri ba ne. Mutum ɗari uku ke fasa dutsen rufi a mahaƙar da ke saman garin, kowannensu yana ajiye kwabo ɗaya duk mako, har wanda takalminsa ke shan ruwa. Da wannan kwabon suka kai 'ya'yansu bakwai jami'a, ɗaya bayan ɗaya, duk maza. Menna ce ta takwas, kuma sai da aka yi wata guda ana gardama kafin a yarda a kashe shi a kan 'ya mace. Abin da ake fata kawai shi ne wanda ya gama ya dawo ya koyar da yaran kwarin. To amma hukumar ilimi ba ta riƙe malama mai aure. Ranar da aka ɗaura, ranar za a miƙa mata takardar sallama.

Duk Nantlas kuwa an san Idwal Parry ne ke ɗauko mata akwati daga tasha.

Ranar Litinin da la'asar motar Mista Caradog Vaughan ta tsaya a ƙofar gidansu. Shi ne mai kantin magani, shekararsa arba'in da huɗu, matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Lowri, mahaifiyar Menna, ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai fasto ya zo, ta yanka burodi siriri kamar takarda, ta shafa man shanun da aka ajiye wa ranar Lahadi.

Vaughan bai yi dogon zagaye ba. Ya ce ya ji halin da ake ciki, abin ya dame shi. Shi a shirye yake ya biya shekarar gaba ɗaya, da littattafai, da ɗakin kwana mai murhu. Bayan jarrabawa sai a yi biki. Ba sai ta koyar da kowa ba, digirin kawai a sa masa gilashi a rataye a falo. Ya ajiye kofinsa a hankali, ya ƙara da cewa yarinya irinta bai kamata a ce tana rayuwa a kan sadaka ba.

Menna ta dube shi.

"Sadaka ce, Mista Vaughan, ban taɓa jin kunyarta ba. Na san fuskar kowane mutum da ya ba ni ita."

Ya yi murmushi irin wanda yake wa mai sayen maganin tari, ya ce ta yi tunani, yana nan har ranar Alhamis. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba Lowri ta zauna a kan benci ta rufe fuskarta da gefen riga. Menna ta ci gaba da tattara kofuna.

"Ke kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani, Mam."

"Ba ki sani ba. Shekara ashirin da biyar ina wanke rigar ubanki, ruwan yana fita kamar toka. Abin da ke fita a ruwan nan shi ke shiga ƙirjinsu. Ki je ki dubi uwar shi Idwal ɗin. Tana da shekara talatin da tara ta binne miji, yanzu wankau take wa matar manaja. Wannan kike so? Don wannan na yi ta ɗinkin dare da rana in saya miki kwat ɗin zuwa Bangor?"

Menna ta ce ita ba ta son Vaughan. Lowri ta ce ba wanda ya ce ta so shi, cewa aka yi ta aure shi. Ta ce in ma ba za ta aure shi ba, to ta sa hannu a takardar mana, shekara bakwai kamar gobe ce. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta dawo lallashi, ta kama hannun 'yarta ta nuna mata nata hannun da sabulu ya cinye. Menna ta tsaya ta saurara har ƙarshe. Idonta ya ciko, amma ba ta ce e ba.

Ƙarfe shida mahaifinta Tegid Rowlands ya shigo. Dogo ne, marar yawan magana, shi ne magatakardan asusun tun Menna tana rarrafe. Ya wanke hannu da fuska a bayan gida, ya zauna, ya ci dankalinsa da naman alade tas. Sai da ya ture kwanon ya dubi gwangwanin shayin.

"An sa?"

"A'a, Tada."

"Juma'a," ya ce, ya tashi ya ɗauki jaridarsa.

Rana ba ta faɗi ba tukuna sa'ad da ta iske Idwal a kan katangar da ke bakin rafi, inda suka saba. Ya yi wanka ya taje kai, amma ƙurar dutse ta riga ta zauna a tsagar hannunsa. Shekararsa ashirin da tara. Shi ke rataye da igiya a jikin dutse yana sa nakiya, kuma duk kwarin ba wanda ya fi shi dariya.

Yau ba ya dariya. Ya ce ya ga motar a ƙofarsu, ya tambaya ko mai magani ya kawo mata na ciwon kai ne. Ta ce na ciwon talauci ya kawo. Ya ɗan murmusa, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ki sa hannu, Menna."

"Kai ma?"

"Ni ma. Kwabona yana cikin asusun nan tun ina ɗan shekara goma sha huɗu. Ban zuba shi don ki tsaya a rabin hanya ba. Zan jira."

"Mahaifinka shekara nawa ya yi a duniya?"

Ya kau da kai, ita ta ba kanta amsa.

"Arba'in da uku. Kawunka Ellis arba'in da shida. Ni lissafi nake karantawa, Idwal, kada ka sa in yi maka shi a nan. Shekara bakwai a wajen mai kanti daban ce, a wajenka daban. Ba zan ba hukumar ilimi su ba."

Sai a nan hawayen da ta riƙe a kicin ya zubo. Ya bar ta ta yi, bai taɓa ta ba, don akwai mutane a gadar. Da ta lafa ya ce akwai wata hanyar. Ta sa hannu, su tafi Liverpool wata Asabar a ɗaura a ofis, ta sa zoben a zare ta ɓoye a cikin riga. Ya san malamai mata biyu a gundumar nan da suka yi haka, har yau ana ce musu Mis kamar marasa aure.

Ta share fuska ta ce waɗannan hukuma suka yaudara. Ita kuwa mutanen da suka hana kansu taba don ta yi karatu za ta yaudara, kuma kullum sai ta gaishe su a hanya. Ta ce abin da ke mata ciwo ma shi ne su, mutanen da ta ɗauka sun yarda da ita, su ne suka zauna suka rubuta mata wannan takarda kamar wata ɓarauniya.

Idwal ya mayar da idonsa kan ruwa.

"Ba su ne suka rubuta ba."

"Wa ya rubuta?"

Ya ce maganar kaban ba ta fita waje, ta sani. Kaban shi ne ɗakin dutsen da suke cin abincin rana a mahaƙa, nan ake yanke duk wata magana ta asusu, abin da aka faɗa a ciki kuma ko matar mutum ba ta ji. Menna ta ce to ya riƙe sirrinsa, ta miƙe. Ya kama gefen kwat ɗinta.

"Mahaifinki ne."

Ya ba ta labarin a taƙaice. Gunaguni ne kawai aka yi, mutum biyu uku, cewa an ga 'yar asusu da saurayi. Washegari Tegid ya miƙe da takarda a hannu ya karanta: duk 'ya macen da asusu ya ɗauka, shekara bakwai. Bai ambaci suna ba. Tun da ba suna, ba wanda ya iya cewa ya fita, yana nan zaune da alƙalaminsa yana kallon kowa. Wa zai ɗaga hannu ya ce a'a ga mutumin da ke ɗaure 'yarsa da kansa? Aka ɗaga hannu cikin kunya, aka wuce.

"Kai fa?"

"Ni ma na ɗaga. Da ban ɗaga ba, da an ce don kaina na yi."

Menna ta koma ta zauna. Ta san dokar tun tana ƙarama, don a teburin cin abinci ta ji ta sau ba adadi. In aka kawo maganar mutum da sunansa, duk danginsa da duk mai ruwa a ciki sai ya fita har a ƙirga hannaye. Ta kuma san wani abu. Kowane Satumba ɗalibin asusu yakan hau mahaƙa ya tsaya a ƙofar kaban ya faɗi yadda shekararsa ta kasance. Duk bakwai ɗin sun yi. Ita kaɗai ce mahaifinta ya ce ta rubuto wasiƙa zai karanta, don mace ba ta hawa can.

Ta tambayi Idwal ko an taɓa rubuta cewa mace ba ta tsayawa a ƙofar. Ya ce bai taɓa ji ba, kawai dai ba a yi ne. Sai ya dube ta sosai, ya ce ta yi hankali. In ta fitar da mahaifinta ta faɗa musu gaskiya, suna iya cewa a janye kuɗin gaba ɗaya, da takarda da ba takarda. Akwai waɗanda tun farko ba su so ba.

"Na sani," ta ce.

Ranar Laraba ta sa kwat ɗinta na Bangor da takalmin coci. Lowri ta tambaye ta ina za ta, ta ce sama. Lowri ta tsaya da tsintsiya a hannu tana bin ta da kallo.

Hawan ya ci mata kusan awa guda. Ana yayyafi, tsakuwar dutse tana zamewa a ƙarƙashin ƙafarta, tarago yana gangarowa a gefenta da lodin allunan rufi. Mai kula da igiyar taragon ya gan ta ya cire lofe daga bakinsa, ya manta bai gaishe ta ba. Daidai lokacin da ta kai fili jiniyar sha biyu ta yi kuka.

Ta jira a bayan tulin dutse har suka gama shiga. Rabin awa gare su, ba ƙari.

Ƙofar a buɗe take. Mutum arba'in da ɗoriya a kan benci, wakilan kowane sashe na mahaƙar, tsofaffi kusa da murhu, matasa kusa da ƙofa, kowa da gwangwanin abincinsa a cinya. A kan teburin tsakiya tsoho Ifan Pierce, shugaban kaban, yana zuba shayi. Mahaifinta na gefensa, littafin taro a buɗe a gabansa.

Ta tsaya a kan dokin ƙofar, ba ta tsallaka ba. Ɗakin ya yi tsit daga ƙofa zuwa murhu.

"Mista Pierce, na zo ba da bayanin shekara, kamar yadda 'yan asusu suka saba."

Tegid bai ɗago ba. Ya ce wasiƙarta na wajensa, zai karanta a lokacinta. Ifan Pierce ya ajiye butar, ya shafa gemu, ya ce shi a saninsa wasiƙa ta wanda bai iya zuwa ba ce. Wannan kuwa ga ta ta zo. Ya ƙwanƙwasa tebur da ƙotar guduma.

"Faɗi, 'yar Tegid. Amma ki gaggauta, shayi na hucewa."

Ta faɗa. Su talatin da ɗaya ne a ajin lissafi, mata uku. Ita ce ta zo ta ɗaya a jarrabawar bana. Malaminsu ya ce in ta riƙe haka za ta fita da daraja ta farko, abin da ba a taɓa samu daga wannan kwarin ba.

Wani ya fara buga kofinsa na ƙarfe a kan benci. Sauran suka ɗauka, har ƙarar ta cika ɗakin. Ta ga tsofaffin da ba su gama firamare ba suna duban juna kamar su suka rubuta jarrabawar. Wani daga baya ya ce a gaya wa 'ya'yan likitoci su ƙara ƙoƙari.

Ta bari suka yi shiru.

"Ina da roƙo kuma. A kan sunana nake kawo shi. Menna Rowlands."

Ba wanda ya motsa. Ifan Pierce ya juya a hankali ya dubi magatakardansa. Ya nuna masa ƙofa da ido.

Tegid ya rufe littafin. Ya miƙa wa na kusa da shi alƙalamin, ya ɗauki hularsa, ya ratsa tsakiyar ɗakin a miƙe. Ta matsa masa ya wuce, kafaɗarsa ta kusa taɓa tata, bai dube ta ba.

Idwal ma ya tashi daga bencin ƙofa.

"Kai kuma dangin wa ne?" in ji Guto Dogo, wanda ba a taɓa rufe taro bai yi magana ba.

"Tukuna dai," Idwal ya ce.

Dariyar ta sassauta ɗakin kaɗan. Su biyun suka tafi can bayan layin tarago, inda kunne ba ya kaiwa.

Menna ta haɗa hannuwanta a baya.

"Ba zan sa hannu a takardar nan ba. Zan iya sawa in yi muku ƙarya, an ma nuna mini yadda ake yi. Ba zan ci kwabonku da ƙarya ba. In na gama jarrabawa zan auri Idwal Parry, hukuma kuma ba za ta ɗauke ni aiki ba. Wannan ita ce gaskiyar. Ina roƙonku ku biya mini shekarar duk da haka."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya, Ifan ya ƙwanƙwasa tebur. Guto Dogo ya nemi izini ya miƙe, har kansa na taɓa rufi. Ya ce shi ba ya ƙin yarinyar, ya ma buga kofi yanzun nan. Amma shi ya faɗa tun farko, namiji in ya yi aure makaranta ta samu malami mai mata, mace in ta yi aure makaranta ta samu kujera ba kowa a kai. Ya juyo gare ta.

"Kwabona na shekara biyu, in je gida in ce wa matata Sara ya tafi sayen labule?"

"Yara nawa ne daga Nantlas suka ci jarrabawar shiga babbar makaranta bara, Mista Guto?"

Ya ce biyu. Wani ya ce ɗaya, ɗayan ɗan manaja ne.

"Duk a lissafi suke faɗuwa. Ku turo mini su kicin ɗina kowace la'asar, ba sisin kowa. Shekara bakwai, ko goma, ko iyakar raina. Hukuma tana da iko da ajinta, ba ta da iko da teburina."

"Da goyo?" wani ya jefo.

"Da goyo matanku ke yin burodi da wanki da jinyarku. Ban ga an sallami ko ɗaya ba."

Wannan karon har Guto sai da ya yi dariya, ko da yake bai zauna ba. Wani tsoho kusa da murhu, wanda numfashinsa ke fita da ƙyar, ya ɗaga yatsa. Ya ce su sun ji mai kantin magani ya ce zai biya komai. In haka ne, me ya hau da ita wannan dutsen a cikin ruwa?

"Ya ce. Nasa da sharaɗi ya zo. Naku ne kaɗai na taɓa ganin an bayar ba a riƙe igiya ba, sai wannan watan."

Ifan Pierce ya ciro agogonsa ya duba. Ya ce an ji, ta koma wajen mutanenta. Aka rufe ƙofar.

Tegid na tsaye a gefen wani tarago, hannu a aljihu, yana kallon ramin mahaƙar. Idwal ya tsaya taku biyar daga gare shi. Menna ta shiga tsakaninsu. Ruwa na ɗiga daga bakin hular mahaifinta.

Shi ya fara magana.

"Shekara ashirin da shida ina zaune a ɗakin nan. Ba a taɓa fitar da ni ba."

"Na sani, Tada."

"A gaban mutane."

"E."

Ya ce ita ba ta san abin da ake faɗa ba. Tun ranar da aka zaɓe ta akwai masu cewa 'yar magatakarda ce, shi ya sa. Shekara biyu yana jin wannan a bayansa. Ya ƙudura ba za a taɓa cewa Tegid Rowlands ya lanƙwasa wa gidansa asusu ba, ko da zai rasa barci, ko da za ta tsane shi.

"Ban tsane ka ba," ta ce. "Amma ka kare sunanka da shekaruna, Tada. Ba ka tambaye ni ba."

Idwal ya gyara murya, ya fara cewa Mista Rowlands, laifin nasa ne, shi ya fitar da maganar.

"Kai yi shiru. Ba da kai nake ba."

Idwal ya ja da baya.

Tegid ya ce in suka ƙi, shi ke nan. Ba zai sake tada maganar a kaban ba, kuma ba shi da abin da zai sayar. Ta ce ta sani. Ya tambaye ta ko a lokacin za ta koma wajen mai magani. Ta ce a'a, za ta nemi aikin kanti a Caernarfon. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ba ta gane ko yarda ce ko fushi ba.

Daga cikin ɗakin ana jin muryoyi suna tashi suna sauka, ta Guto ta fi ta kowa. Sai aka ji guduma. Sai shiru, irin shirun ƙirga hannu. Menna ta ƙura wa ƙofar ido, tana jin sanyi na hawa ta takalminta.

Saura minti biyu a busa jiniya, ƙofar ta buɗe. Ifan Pierce ya leƙo.

"Magatakarda, zo ka rubuta."

Suka matso su uku. Ifan ya tsaya a kan dokin ƙofar ya faɗa da ƙarfi yadda na ciki da na waje za su ji. An soke takardar. A biya wa Menna Rowlands shekararta. Hannu talatin da ɗaya, tara sun ƙi.

Menna ta dafa bango. Idwal ya cire hularsa ya rasa inda zai sa ta.

Tegid bai motsa ba. Ya tambaya a kan wane sharaɗi.

"Babu."

"Ba ta yi alkawarin komai ba?"

"Ta yi. Za ta koyar da yaranmu a kicin."

"To a rubuta ta sa hannu."

"Guto ma haka ya ce." Ifan ya mayar da agogonsa aljihu. "Aka ce masa 'yar Tegid Rowlands ce. In ta faɗa, ta faɗa."

Tegid ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya cire hula ya shiga. Mutanen da ke ƙoƙarin fitowa suka dare masa hanya. Menna tana hango shi daga ƙofa, ya zauna, ya karɓi alƙalaminsa, ya buɗe littafin. Sai da ya goge gilashin idonsa sau biyu kafin ya fara rubutu.

Jiniya ta yi kuka. Suka riƙa fitowa suna wuce ta, wasu su taɓa hula, wasu su kau da kai. Guto Dogo ya tsaya ya ce shi yana cikin taran, kada ta ji a bakin wani. Ya ce kuma yana da jikoki biyu masu kai kamar dutse, zai turo su farko, ya ga ƙarshen alfahari.

"Ka turo su da fensir," ta ce.

Tegid ne ya fito a ƙarshe, littafin a hammata. Ya ce mata gobe ƙarfe tara ta same shi a gidan waya a aika kuɗin, kada ta makara. Ya ce ta bi ta gefen hagu in za ta sauka, dama akwai santsi. Ya yi taku uku ya tsaya, bai juyo ba.

"Parry."

"Na'am, Mista Rowlands."

"Lahadi, ƙarfe huɗu, a gidana. Uwarta ba za ta gaishe ka ba. Ka zo duk da haka."